Hancin Hajiya Kaka

Assalamu alaikum Anti Binta,

Ina gajiya, ya aiki, ya su Ummi da babansu? Mu nan Ƙofar Guga lafiya lau, jikin Hajiya Kaka ma da sauƙi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da kika ce a jami'a kina koyar da yadda wurin aiki zai adana abin da mutanensa suka sani kafin su tafi, kai kawai na gyaɗa, ban gane ba.

Sai makon jiya. Hajiya tana asibiti aka kawo mata aikin turaren wutan da ta saba haɗa wa mutane, Umma ta haɗa, duk ya yi ƙauri. Ashe Hajiya kaɗai ta san lokacin sauke tukunya, da hanci take ganewa. Tun ranar na kasa sukuni. In babu ita fa?

Da aka sallamo ta na tambaye ta, ta ce, "Ke ja can, 'yar boko! Hanci ake rubutawa?"

Ki sa ta a addu'a, ki gaida kowa. Ni dai na ware littafi guda. Kullum in ta ɗora tukunya ina gefenta, ina shaƙa, ina rubutawa. Ta fara matsa min kujera.

Ɗiyarki,
Hafsatu