Kwantenar Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, alfarma nake nema, kuma kada ki tambaye ni dalili. Na ji maigidanki zai shigo tashar jirgin ruwa ranar Alhamis ya ɗauki kwantena. Ki hana shi. Ki ce ba ki da lafiya, ko ki ɓoye makullin motar, kin fi ni sanin kansa. Na san mutumin naki, ko ranar da kika haihu sai da ya leƙa gareji. Amma wannan karon ki kafe. 

Ƙaninki,
Dogo

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da abin da ya faru. Yaya yara? Sun ci abinci kuwa?

Yanzu bakina ya buɗe, tunda an gama. Jami'an ƙasar da aka yi lodin jirgin ne suka gano miyagun ƙwayoyi cikin kwantenar, a bayan kwalayen tayil. Ba su kama ba, sai suka sanar da ofishinmu na kwastan. Haka aikin yake: a bar kayan su wuce, ana bin su a baya, har a ga hannun da zai karɓa. Da direba ya sha jinin jikinsa, ko da kallo ne, masu kayan sun tsere ke nan. Ni aka sa a ƙofa, jami'an waccan ƙasar biyu kuma suna zaune a bayana cikin rumfar gilashi.

Da hantsi sai ga maigidanki. Ya leƙo ta taga yana tsokanata wai kaki ya yi mini yawa. Na duba hatimin kwantenar, na ɗaga masa ƙarfen ƙofa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A siton da ya kai kwantenar aka kama masu kayan duka, har da shi.

Jiya aka bar ni na gan shi. Ba a taɓa shi ba. Na gaya wa shugabana cewa mijin yayata ne, kuma a rufe ake ba direba kwantena. Ya ce in maimaita a kotu, ya kuma cire ni daga ƙofa.

Na tambayi maigidanki ko ba ki hana shi ba. Ya ce kin yi, har da kuka, daga ƙarshe kika gaya masa saƙona ne. Shi kuwa sai ya ga in ma da matsala a tashar, ai ƙanin matarsa ne a ƙofa, ba zai bari ya fita da abin da zai cuce shi ba.

 Yaya, ina so in zo gida, amma sai kin ce in zo.

Naki har kullum,
Dogo