Karatu Ya Ɓace wa Baba

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina kwana, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Da fatan Hajara da yara suna lafiya. Mu nan Jabo sai godiya.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, karatu ya ɓace mishi. Mutumin da ya karantar da rabin garin nan, yau kallon littafi yake kamar bai taɓa buɗe shi ba. Likita a Tambuwal ya ce ƙwaƙwalwa tana buɗe sabuwar hanya in ana maimaita mata, kuma karatun da ya yi a baya zai taimaka. Shi ya sa kullum nake zama da shi da allo. Amma abin da ya kama da safe, kafin la'asar ya zube.

Jiya ya ture allon ya ce, "Bar wahal da kanki, Hadiza." Na miƙe, sai ya riƙe min zane ya ce, "Sake faɗi." Na sake karanta mishi allon ina hawaye. Yaya, na gaji, kuma ban ga haske ba.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku. Ka riƙa kiran Baba a waya, har yanzu yana gane muryarka.

Ƙanwarka,
Hadiza