Kujerar Dogo

Litinin, 5 ga Janairu

Tsohuwa ta ƙi tashi. Na murɗa makulli, ta yi tari sau uku ta yi shiru. Sanyin bana ba na wasa ba ne, gilashinta duk raɓa. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da rasuwar mijina Dogo, kuma kullum kafin in tafi makaranta sai na tayar masa da motarsa ta yi ɗumi, yadda yake yi. Ba na zuwa ko'ina da ita. In ta yi minti biyar sai in kashe inji, in bar rediyo, in zauna a kujerarsa. Ƙafata ba ta ko taɓa totur sosai, don kujerar na can baya inda ya bar ta daidai dogayen ƙafafunsa. Ban taɓa matsar da ita ba, kuma ba wanda ya isa ya taɓa.

Laraba, 7 ga Janairu

Yaya, wan Dogo, ya zo ya tarar da ni na buɗe bonet ina kallon abin da ban sani ba. Wai ya samo mai saye, irin masu yanka mota su sayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya. Yanka! "Ke ba tuƙi kike yi ba, tana nan tana ruɓewa a idonki." Zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Yaya, in wata ya ƙare ba ta fita da ƙafarta ba, ni ina tuƙa ta, ku zo ku ɗauka." Ya ce ya ji, Allah ya kai mu.

Bakina ne zai kashe ni wata rana.

Alhamis, 8 ga Janairu

Na yi mafarki ni da Dogo muna tafiya a wata hanya mai bishiyoyi dama da hagu, ba rami ko ɗaya. Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje yana kama iska. Ban tambaye shi ina za mu ba.

Asabar, 10 ga Janairu

Mai batir ya zo, dattijo ne mai ƙaramin gemu, rigarsa duk ƙananan huji inda ruwan batir ya ci. Ya ga farin gishirin da ya taru a kan batirin, ya girgiza kai. Ya ce in kawo ruwan ɗumi, ya zuba, ya goge da tsohon buroshin haƙori. Sai na tuna Dogo ma haka yake yi duk sanyi, har ina masa tsiya wai motarsa ta fi shi yawan wanke baki.

Ya tambaye ni yadda nake yi da ita, na faɗa masa gaskiya har da rediyon. Ya yi salati. "Malama, ai ke kike shanye ta. Minti biyar a tsaye ba ya mayar wa batir abin da tashi ya ci, ga rediyo, ga sanyi. Batir tafiya yake so." Ashe duk watannin nan da nake ganin kula da ita nake yi, kashe ta nake yi a hankali. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na rasa wa zan ji haushinsa. Ya cire batirin ya tafi da shi caji.

Lahadi, 11 ga Janairu

Ba batir, ba rediyo. Na zauna duk da haka. Ƙamshin turaren Dogo ya ragu, sai na kwantar da kai sosai nake jin sa.

Talata, 13 ga Janairu

Batir ya dawo, ta tashi bugu ɗaya. Da mai batir zai tafi ya tsaya a ƙofar baya ta dama, ya sa yatsa a lotsawar nan, fenti ya ɓare ya faɗi. Wai tsatsa ta fara ci, in aka bari za ta huda ƙofar. In kai ta wajen mai gyaran jikin mota.

Bai san lotsawar tawa ba ce. Shekara tara da suka wuce Dogo yana koya mini tuƙi, na iya har ina shiga titi, ranar nan ina ja da baya na maka ta da ginshiƙin ƙofar gida. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na fito na jefa masa makulli a ƙirji na ce in na ƙara tuƙi a canza mini suna. Ya ce, "To shi ke nan. Wadda ta lotsa ita za ta kai gyara." Ni da taurin kai, shi da taurin kai. Ya gyara komai na motar nan, fitila, birki, har murfin taya, amma ban da wannan.

Juma'a, 16 ga Janairu

Na lulluɓe bonet da tsohon bargonsa. Maƙwabta na kallo, su kalla.

Lahadi, 18 ga Janairu

Na gwada. Na sa matashi biyu a bayana don in kai ga kuloci ba tare da na taɓa kujerar ba. Na kai da ɗan yatsan ƙafa, mota ta yi tsalle ta mutu, matashi ɗaya ya zame ƙasa. Sau huɗu. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka mai isata, sannan na shiga na dafa shayi.

Laraba, 21 ga Janairu

Yau a aji ina rubutu a allo sai na tsinci kaina ina hanyar nan ta mafarki, har yara suka fara dariya wai Malama ta tsaya da alli a sama. Saura kwana goma. Yaya ya bugo waya, wai gaisuwa ce kawai. Na san irin gaisuwar.

Asabar, 24 ga Janairu

Mai batir ya biyo ya duba aikinsa, ya gan ni da matasaina. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Malama, ƙarfen yana nan ƙarƙashin kujera, ɗagawa kawai za ki yi." Na ce na sani. Ya ce to, ya juya baya yana kallon taya.

Na daɗe hannuna na kan ƙarfen, sanyi ƙalau. Na ɗaga. Kujerar ta taho gaba da wata ƙara, taku huɗu, duk na ƙirga. Ji na yi kamar na ture Dogo daga mazauninsa. Amma ƙafata ta zauna daram a kan kuloci.

Mun zaga layinmu sau uku, dattijon na gefena yana ta "a hankali, saki, saki." Da muka dawo na mayar da kujerar inda take. Na yi wa kaina alkawari kullum zan riƙa mayarwa.

Talata, 27 ga Janairu

Ni kaɗai, har bakin babban titi. Ta mutu sau ɗaya, wani ya yi mini hon, na rama. Na mayar da kujera.

Alhamis, 29 ga Janairu

Na kai ta gareji da kaina. Wajen duk ƙarar guduma da warin fenti, ƙofofin motoci jingine a bango. Tun ban gama tsayawa ba mai gyaran, wanda Dogo ke kira Mai Guduma, ya ajiye abin da ke hannunsa ya taho yana kallon motar, sannan ya kalle ni.

"Ke ce mai ƙofar?"

Na ce wace ƙofa? Ya ce duk shekara in sanyi ya shigo Dogo na kawo ta, a kankare tsatsar wajen, a shafa mai, amma ba ya yarda a buga. "Na sha ce masa aikin awa ɗaya ne. Sai ya ce a bari, mai ita tana nan zuwa da kanta, fushi take yi tukuna."

Shekara takwas yana zuwa, bai taɓa faɗa mini ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Mai Guduma ya yi mini ta'aziyya, ya tambaya ko ya fara. Na ce ya fara. Ya cire rufin ƙofar ta ciki, ya tara ƙarfe ta waje, yana bugu ƙanana-ƙanana yana shafawa da tafin hannu, idonsa a rufe. Ina kallo lotsawar tana tasowa har ta ɓace. Dogo, ka ci. Na zo.

Asabar, 31 ga Janairu

Na karɓo ta, fentin ƙofar ya ɗan fi sauran haske. Na wuce gidan Yaya na yi hon sau biyu. Ya fito da kofin shayi a hannu, ya zaga ta, ya shafa ƙofar, ya ce, "Allah ya jiƙan Dogo." Bai yi zancen mai saye ba.

Ban dawo kai tsaye ba. Na bi wata hanya da ban sani ba, don batir, tunda an ce tafiya yake so. Bishiyoyin ba su kai na mafarkina ba, kuma akwai ramuka. Na sauke gilashi kaɗan duk da sanyin.

Sai yanzu da nake rubutu na tuna ban mayar da kujerar ba. Mantuwa ce. Kuma Litinin da ita zan tafi makaranta.