Kifin gashi da alkawarin da na yi wa maigidana

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Mai kula da zaure, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce "ki yi haƙuri kawai" ya riƙe abinsa, na san haƙuri tun kafin in san biro. Sai da na aurar da 'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, in kun ga kuskure ku tsallake.

Shekararmu biyu a birnin Guangzhou na ƙasar China, wajen unguwar Sanyuanli, maigidana yana tura kaya Kano. Bayan azumi jiri ya kwashe shi a kan bene, likita ya ce hawan jini ne da kitse, a rage mai da gishiri, in ba haka ba zuciya za ta taɓu. Tun a mota ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, wai in aka ji ba shi da lafiya masu ba shi sautu za su janye.

Mutumin nan kuwa in ba soyayyen kifi a gabansa bai ci abinci ba. Wata maƙwabciyata 'yar Meziko ta koya mini abin da suke kira tako. Kifi ne a cire ƙaya, a shafa lemon tsami da tafarnuwa da yaji, a gasa, a naɗe cikin siririyar gurasa da yankakken kabeji da ɗan yogot, mai bai wuce cokalin shayi ba. Mutanen nan ba su cika gashi a gida ba, shago nawa na shiga ana ce mini "meyo", wato babu, kafin na samu ƙaramin oben na lantarki. Maigida ya yi mita, ya ci, tumbi ya sauka, yanzu yana hawa bene bai tsaya haki ba.

To wansa ya zo baje kolin da ake yi a nan lokacin kaka, ya sauka gidanmu. Kun san mazanmu, tire ɗaya suke sa hannu, in na ware wa maigida nasa dole a tambayi dalili. Sai na kawo musu tako gaba ɗaya. Yaya ya buɗe gurasar ya leƙa, ya shafa yatsa a faranti ya nuna wa ƙaninsa, wai ko marar lafiya a asibiti ana ɗiga masa mai. Ya ce rowa ce da raini, na koyi boko da tsufa ina auna wa mutane abinci da cokali, ga ƙaninsa duk ya zabge. Na ce Yaya, gidana ne, tukunyata ce. Maigida yana zaune ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da cin abincinsa. Wannan rashin tsaya mini ya fi maganar Yaya ciwo.

Yanzu ranar Juma'a Yaya ya gayyato abokan kasuwa, maigida ya ce in soya kifi mai ya kwanta, in kuma ba Yaya haƙuri a gabansa. Haƙurin zan iya bayarwa, baki ne. Amma na san shi, in ya ga suya sai ya ci har ya suɗe hannu, kuma ni na ɗaga shi daga benen nan, ba Yaya ba. Ba zan soya ba, wannan na gama yankewa.

Abin da ban sani ba shi ne, in karya alkawari in gaya wa Yaya ƙaninsa ba shi da lafiya, ko in rufe baki a koma Kano da ni a matsayin marowaciya? In ke ce, wanne za ki ɗauka?