Na Kasa Barin Jatau Ya Faɗi

Zuwa ga Yaya Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda ka riga mu zuwa. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba. A shafina zan sa ta, abokanka na Kalgo su karanta, amma da kai nake, don na gaji da yi maka magana a zuci.

Gida lafiya. Inna tana nan Gwandu, ciwon gwiwar ne dai bai bar ta ba. Mun yanke geron gonar Maruda, bai yi yadda ka yi fata ba, amma alhamdu lillahi. Rumfarka ta gyaran waya a Kalgo, amininka Lawali ne ke riƙe da ita, kuma har yanzu ɗaliban jami'a suna cika bencin nan. Ni kuwa ina nan ina koyarwa a firamare a Dodoru, in fita da safe a babur, in dawo da maƙogwaro a bushe.

Maganar gem ɗinka ce ta sa na zauna rubutu. Kada ka yi dariya.

Ka tuna ranar da ka fara nuna mini shi a rumfa? Ka ce kowa zai zaɓi dodanni shida, a haɗa shi da wani ta intanet, a yi ta bugawa bi da bi har na wani su ƙare. Na ruwa yana kashe na wuta, na wuta yana cinye na ciyawa, na ciyawa yana shanye na ruwa. Na ce maka wannan ai wasan yara ne. Ka miƙo mini wayar, wani ɗan ƙasar waje ya share ni kafin shayina ya huce, ka yi dariya har da riƙe ciki.

Daga baya na koya, amma halinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba. Ni dodanni masu kauri nake tarawa, masu jure duka, masu warkar da kansu, in yi ta jan wasa har abokin karawa ya gaji. Kai kuwa ka tsani wannan. Tawagarka duk 'yan farmaki ne, masu gudu, masu bugu, ba mai jure duka biyu a cikinsu. Kana cewa, "Mi kaka jira? In ba ka buga ba, buga ka za a yi." Kuma ka raɗa musu sunaye irin namu: Galma, Lauje, Maƙera, Giwan Ruwa, Shaho. Na shidan, ɗan ƙaramin jan nan mai fita farko, ka ba shi sunan da Kaka ta raɗa maka saboda hasken fatarka, Jatau.

Da zazzaɓin nan ya ɗauke ka a farkon damina, sunanka yana sama a teburin makin guruf ɗinku, cikin sahun waɗanda ake liƙawa a shafin gasa idan zango ya ƙare. Bayan an share makoki Lawali ya kawo mini wayarka. Shi ya gaya mini cewa makin mutum zaizayewa yake yi idan ya daina wasa, kuma kafin a rufe zangon sunanka zai sauka daga sahun. Na ce ba zai sauka ba. Wannan ne zango na ƙarshe da ka fara da hannunka, zan ƙarasa maka shi da sunanka a sama, sannan in rufe asusun in huta. Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Yaya, ashe ɗaukar alkawari ya fi cika shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da farko masu gem suka sauya doka, suka hana amfani da Shaho, wai ya fi ƙarfin sauran. Sai ga gurbi a tawagarka, kuma ni ne zan cike shi. Me kake tsammani na yi? Na ɗauko wani jibgege mai warkar da kansa, na sa masa suna Rumbu, na cusa shi a tsakiyar mayaƙanka. Na ce ko ba komai in abu ya yi zafi akwai inda zan laɓe. Wallahi ya zauna a cikinsu kamar jaki a garken awaki. Duk sanda na fito da shi sai wasa ya lafa, abokin karawa ya samu numfashi, ya gyara zama, ya dawo ya murƙushe ni.

Ga kuma sabis. Ka san Dodoru. Lokacin hutun tara sai in bar aji in tafi gindin dalbejiyar bakin titi, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ana tsakiyar karawa sai ya ɗauke, kafin ya dawo an rubuta na gudu, an zabtare maki. Malaman makarantarmu sun ɗauka wata nake nema a waya. Da ma hakan ne, da na fi samun sauƙi.

Amma duk wannan ba shi ne ciwon ba. Ciwon Jatau ne.

Kai ka koya mini aikinsa. Shi ke fita farko. Ya watsa ƙaya a filin abokin gaba, yadda duk dodon da ya shigo sai ya taka ya ji ciwo. Ya ɗaga labulen da ke rage zafin duka na ɗan lokaci. Daga nan sai a bar shi a buge shi ya faɗi. In ka janye shi da ransa, wanda ya shigo madadinsa shi zai sha dukan da aka yi niyya, ga labule yana ƙarewa a banza. In kuwa ka bar shi ya faɗi, na bayansa zai shigo ba ko ƙwarzane, ya wasa makaminsa a bayan labule, ya share fili. Duk tawagar a kan faɗuwarsa ka gina ta. Na sha jin ka kana cewa, ko a jikinka, "Bar shi shi hwaɗi, aikinai ya ƙare."

Na sani sarai. Amma duk lokacin da jinin Jatau ya yi ƙasa, layin nan na samansa ya koma ja, sai in ga sunan a rubuce, yatsana ya tafi da kansa ya janye shi. Galma ya shigo ya sha duka a fuska. Lauje ya biyo baya ya karye. A ƙarshe a bar ni da Jatau shi kaɗai, ba ƙarfi ba mataimaki, a kashe shi duk da haka, kuma a cinye ni. Haka na yi ta yi. Sunanka yana gangarowa layi bayan layi a hannuna, 'yan guruf suna gani, ba mai cewa komai saboda kara.

Lawali ne kawai bai yi mini kara ba. Wata Asabar na je rumfa, ya karɓi wayar ya duba wasannin da na yi. Sannan ya ce in cire Rumbu, don tawagarka ba ta san laɓewa ba. Ya ce kuma in dai ba zan iya ba, in sauya wa Jatau suna, in kira shi Barkono ko wani abu, kowa ya huta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na miƙe zan tafi. Na buɗe wurin sauya sunan a kan babur, na goge harafin farko, sai na ji kamar ana kankare sunanka daga ƙofar ɗakinka. Na mayar da shi.

Rumbu dai na cire shi. Na zauna na yi tunani irin naka, karo na farko. Na ga Galma da Maƙera duk ruwa ke kashe su, kuma tun da aka hana Shaho ba ka da mai tare dodon da ya fi naka gudu. Sai na nemo wani ɗan siriri mai harbin da ke riga kowa sauka komai gudun abokin gaba, wanda kuma ruwa ba ya yi masa illa sosai. Na sa masa Zirnaƙo. Ina jin da ka gan shi za ka ɗaga gira ka ce ba laifi, don ban taɓa jin ka yabi abu fiye da haka ba.

Ranar da za a rufe zango sunanka yana ƙasa da sahun da kaɗan. Bayan la'asar na zauna a bencin rumfarka, don a nan ne sabis ba ya yaudara, Lawali yana gefe yana yi kamar gyaran waya yake. Jatau ya fita. Ya watsa ƙaya, ya ɗaga labule, layinsa ya koma ja. Na ɗora wayar a cinya, na danna bugu, na kau da kai ina kallon masu babur. Da na waiwayo babu shi a fili. Galma ya shigo lafiya lau, ya wasa makaminsa, ya kwashe uku a jere. Zirnaƙo ya ƙarasa sauran. Haka na sake yi, na kuma sake, har sunanka ya hau layin ƙarshe na sahun, aka rufe yana nan.

'Yan benci suka yi ta ihu suna dukan kafaɗata. Ni ban ji daɗin komai ba, Yaya. Gajiya kawai na ji, irin ta wanda ya dawo daga maƙabarta.

Washegari da hantsi na zauna a tsakar gida zan rufe asusun kamar yadda na yi alkawari. Na ce bari in yi wasa ɗaya na sallama. Inna tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ka san ta da kunyar ɗan fari, tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai ta ce "wancan". Ko ranar da aka fita da kai ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta gane wayarka ce, ta matso tana leƙe, ta tambaye ni wannan ɗan jan fa. Na ce sunansa Jatau, kai ka sa masa. Tana kallo ya watsa ƙayarsa, tana kallo aka buge shi ya ɓace. Na ji ta yi salati a hankali, hannunta ya tsaya cikin shinkafa.

Da wasan ya ƙare sai na danna sabon wasa kawai. Sai ga Jatau a gaba, tsaye, layinsa kore cif, yana ɗan tsallen nan nasa. Inna ta daɗe tana kallonsa. Da aka sake buge shi, ba ta ɗago ba ta ce mini, "Sake hiddo wancan in gani."

Shi ya sa ban rufe asusun ba. Na gaji da gem ɗin nan, na gaji da farautar sabis, ba na ko duba tebur yanzu, sunanka ya sauka ko ya hau. Na san ba kai ba ne, ita ma ta sani, kuma mun san addu'a ce ke isa gare ka ba maki ba. Amma wani lokaci idan na dawo daga Dodoru sai in tarar ta shimfiɗa tabarma ta bar mini wuri a gefenta. In zauna in fito mata da wancan.

Allah ya jiƙanka, Yaya Haliru. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya ba Inna haƙurin da take nunawa a fili ya kai har cikin zuciyarta. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda ba a sake rabuwa.

Ƙaninka mai jan wasa,
Nasiru