Almakashin Baba

Asabar, 3 ga Mayu
Yau ranar aski. Baba ya fito da kujerarsa tsakar gida, ya kakkaɓe farin ƙyallen nan da ya girme ni, ya ce, "Zo nan, Babban Kai." Ina da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙo ni, amma har yau Babban Kai nake. Tun da na zo duniya babu wanda ya taɓa yi min aski sai shi. Ya daɗe da rufe shago, masu zuwa gida ma duk sun janye. Ni kaɗai na rage masa.

Hannunsa na rawa. Na ji almakashin yana kaɗawa a bayan kunnena. 

Litinin, 5 ga Mayu
Mai gadin ofis ya tambaye ni ko ɓera ne ya kwana a kaina. Na ba Maman yara labari don ta taya ni jin haushi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai daga yau in riƙa sa hula.

Asabar, 17 ga Mayu
Ya yanke ni a kunne. Kaɗan ne wallahi, amma jini ya ɗiga a ƙyallen. Ya daɗe yana kallon wurin. Wai haske ne bai isa ba. Da rana tsaka fa!

Lahadi, 18 ga Mayu
Na je shagon askin nan na bakin titi, mai madubai da kiɗa. Nan da nan wani yaro ya gyara min. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk hanya ji nake kamar na yi sata.

Talata, 20 ga Mayu
Muna cin abinci zafi ya dame ni, na cire hula. Baba ya bi ta bayana zai wanke hannu, ya ɗora tafinsa a ƙeyata kamar yadda ya saba. Ya tsaya. Ya shafa a hankali.

"Yaron ya iya," ya ce.

Shi ke nan. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 29 ga Mayu
Akwatin askin da yake gogewa kowace safiya ya koma ƙarƙashin gado. Ba ya fitowa tsakar gida, abinci ma sai dai ya tsakura. Maman yara ta ce, "Baban yara, kai ka ɓata, kai za ka gyara. Gashi dai tsirowa yake yi." Tsoro nake ji. Kada mutumin nan ya kwanta ya ƙi tashi.

Asabar, 31 ga Mayu
Na fito da kujerar da kaina, na yafa ƙyallen, na ce, "Baba, ina jira." Ya daɗe kafin ya fito da akwatin. Ya ce, "Tashi." Na tashi.

Sai ya zauna, ya cire hula, ya miƙo min almakashi. Gashi ya cika masa kai, duk ya cukurkuɗe. Ashe shi yake yi wa kansa a madubi, yanzu ya kasa. Ni kuwa ban taɓa tambayar wa ke yi wa Baba aski ba. Kunya ta kama ni.

Kansa ɗan ƙarami ne a hannuna, ban san haka ba. Faɗa kuwa na sha shi. "Ba haka ba! Kwantar da matajin! Ciyawa kake yanka?" Hannuna ya hau rawa. Ya ce, "Au, kai ma?" Ya yi dariya har da tari.

Da ya duba madubi ya ce bai taɓa ganin mummunan aski irin wannan ba. "Zauna in rama."

Ya kuwa rama.

Litinin, 2 ga Yuni
Mai gadi ya ce ɓeran ya dawo. Hular tana gida, mantawa na yi kawai.

Maman yara ta ce Baba ya zaga unguwa da safe kai ba hula, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya sunkuyo masa da kai ya ce, "Duba ɓarnar da ɗana ya yi min."