Kafin Almakashi Ya Taɓa Yadi

Zuwa ga Yayana, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta ba tare da ta sani ba,

Ina gaishe ka gaisuwa mai taushi kamar sabuwar auduga. Ina fata kana lafiya, kai da Mamanka.

Ka tuna ranar da ka zo karɓar ɗinkin Mama a shagon Gwaggona? Ka tarar da ni a kan shuɗin yadi, ina zaro zare ɗaya daga wannan baki zuwa wancan don in gane ainihin layin saƙar. Gwaggo ba ta barin almakashi ya taɓa yadi sai an miƙar da shi, domin in aka yanka a karkace, ƙyallayen da za a haɗa bargo da su za su murɗe tun wankin farko. Ta sa ka kama kusurwa ɗaya, ni na kama ta can ƙetare, muka ja. Ka ja har na kusa faɗowa kanka, ta ce yadi aka ce ka miƙar, ba 'yar mutane ba.

Muna ninkewa ka tambaye ni ƙasa-ƙasa ko zan jira ka idan ka tafi karatu. Ban ce komai ba. Tun ranar ka daina bi ta layinmu.

Yayana, shirun nan ka ɗauka ƙi ne? Yaya zan buɗe baki, Gwaggo na kusa da mu? Tambayarka na tafi da ita gida. Na yi mata abin da muke yi wa yadi: na shimfiɗa ta, na duba, na sake dubawa, ban yi gaggawar yankewa ba. Yanzu hankalina kwance yake kamar ruwan randa da safe.

Zan jira ka. Zan gama jarrabawata, kai ma ka gama naka karatun, ba inda za ni.

Bargon da nake ɗinkawa da shuɗin yadin nan ya kusa haɗuwa. Jiya Gwaggo ta auna shi, ta ce ya fi gadona tsawo nesa ba kusa ba, wa nake ɗinka wa? Na sunkuyar da kai. Don Allah ka zo ka karɓa kafin ka tafi, an ce can akwai sanyi.

Taka, yau da gobe, har iyakar numfashina,
'Yar shagon Gwaggo